Shekarar da Aka Ce Baba Ya Yi Girman Kai

A shekarar da aka zaɓi Baba cikin dattawan ikilisiya, a shekarar ce mutanen layinmu a Samaru suka gano cewa ya yi girman kai. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Ni dai a bakin mai ƙosan bakin layi na fara ji, wata tsohuwa da ta san mu tun muna yawo ba takalmi. Na tsaya saye da safe, tana juya ƙosai a mai, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ki gaida Babanki. Ki ce masa mu ma muna nan da rai, ko da ba a ba mu kujera a gaban coci ba."

Na ce, "Iya, me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Mutum ya wuce ta nan har rigarsa na shafar kaskona, na ɗaga masa hannu, ya miƙe kamar soja."

Baba tsohon hedimasta ne, dogo, kullum rigarsa a goge, tafiyarsa kamar zai je duba layin 'yan makaranta. Amma gaisuwa ba ta taɓa yi masa wuya ba. In ya fita sayen jarida sai rana ta take kafin ya dawo, don sai ya tambayi kowa lafiyar iyali har da ta awaki. Shi ya sa na ɗauki maganar mai ƙosai a matsayin rigimar tsufa.

Sai ƙorafi ya yi ta zuwa. Telan da ke kusa da mu ya ce ya yi masa sannu daga cikin shago, Baba ya juya yana neman mai maganar a wani gefen daban, kamar shagon tela ya yi masa ƙanƙanta. Ɗaliban jami'a da ke haya a ɗakunan bayan gidanmu suka ce in sun rusuna masa a zaure ba ya ko gyaɗa kai. Matan zumunta na coci kuwa sun riga sun yanke hukunci: muƙami ne ya hau masa kai.

A cikin gida wani abin daban ake yi. Kafaɗarsa ta hagu ta fara dukan ƙofar falo, ya ce kafinta ne bai iya aiki ba, alhali ƙofar ta girme ni. Ya yi ƙwallo da buta a tsakar gida, ya ce yaran haya ba su da tarbiyya. Ya yi tuntuɓe da 'yar kujerar Mama, ya ce ta daina canza wa kaya wuri.

Mama ta ce, "Kujerar nan tun aurenmu a nan take."

"To tun aurenmu take a wurin da bai dace ba."

In an kawo abinci sai ya yi ta kiran a kawo masa ruwa, ga kofi cike a gefen hannunsa. Addu'ar yamma ma ya daina zuwa, wai titi ya lalace, masu keke kuma sun zama mahaukata, ba ka ganinsu sai sun zo kanka. Duk wanda ya san masu keken Samaru ba zai yi masa musu a kan wannan ba, don haka ba wanda ya yi.

Ni lokacin na gama karatu na dawo gida, ina koyarwa a wata 'yar makaranta a Dogarawa. Ina nan ranar da Fasto ya zo. Yaro ne matashi, a shekaru Baba ya haife shi, kuma da ganin yadda ya zauna a bakin kujera ka san turo shi aka yi. Ya sha zoɓo, ya yaba wa Mama, sannan ya fara magana a kan tawali'u. Ya yi ta zagaye, yana cewa ɗaukaka jarrabawa ce, wanda aka ɗaga shi ya fi kowa bukatar sunkuyawa. Baba ya yi ta gyaɗa kai da jin daɗi.

Ya ce, "Gaskiya ne, Fasto. Ka yi wa'azin nan ranar Lahadi. Akwai mutum biyu a cikin dattawa da zai yi wa amfani ƙwarai." Ya kuma faɗi sunayensu.

Da Fasto ya ga ba mafita sai ya faɗi abin a fili. Fuskar Baba ta canza.

"Ni? Wa ya gaishe ni ban amsa ba?"

Mama daga bakin ƙofar kicin ta ce, "Ko dai idonka ne?"

Baba ya jawo jarida, ya buɗe shafin baya inda mutane ke sanar da canjin suna da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ya karanta mana ɗaya bayan ɗaya da muryarsa ta aji, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ninke jaridar ya ajiye.

"Makaho zai karanta wannan?"

Fasto ya yi addu'a ya tafi.

Duk da haka maganar Mama ta tsaya masa a rai. Bayan 'yan kwanaki ya ce in raka shi Sabon Gari ya sayi tabarau, don a huta. Mai tabarau yana da tebur a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, mutumin kudu ne, Hausarsa gauraye da Turancin kasuwa. Kayan gwajinsa guntun tsohuwar jarida ne da madubi. Yana ɗora wa Baba tabarau yana cirewa, kowanne ya ce daga Italiya ya zo.

"Oga Tica, wannan in ka sa, har sauro za ka gane mace da namiji."

Baba ya zaɓi mai ruwan zinare. Daga nan muka biya kemis ya sayi maganin ɗigawa da ya saba, wanda wani abokin aikinsa ya nuna masa tun zamanin da ƙurar alli ke sa masa ƙaiƙayin ido. Alli ya daɗe da barinsa, amma shi bai bar maganin ba. Da ido ya ɗan yi ja sai ya ɗiga, ya yi fari tas, ya ce ba magani kamarsa.

Tabarau bai hana ƙofar falo aikinta ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tabbatar wa mutanen layi zarginsu. Mai ƙosai ta ce ai ga shi nan, yanzu har da gilashin manya.

Ana cikin hutun makaranta abin ya fashe. Da safe Baba yana can bayan gidanmu yana gyara 'yan barkononsa, wani ƙwaro ya faɗa masa a idon dama. Ya sa tafin hannu ya rufe idon. Sai muka ji ya kira Mama da sunanta na gaskiya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Muka fita a guje. Yana tsaye a tsakiyar kunyoyin barkonon, hannu ɗaya a ido, ɗayan yana lalube a iska.

Ya ce, "Idon hagu ya tafi. Yanzun nan ya tafi."

In ya buɗe na dama yana ganinmu. In ya rufe, sai duhu, da wani ɗan haske can nesa kamar fitila a ƙarshen lungu. Ya yi ta rufewa yana buɗewa, ko zai kama idon yana masa wasa.

Kafin Mama ta ɗaura ɗankwali labari ya kai bakin titi. Mutanen da suka yi watanni suna fushi da shi su ne suka fara cika falon, kowa da maganinsa. Mai ƙosai ta bar kaskonta ta zo da albasa, ta ce a matse ruwan a ɗiga. Tela ya ce ba abin da ya kai nonon mai jego, kuma matarsa tana shayarwa, a shirye take. Wata daga cikin matan zumunta ta kawo man zaitun da aka yi wa addu'a a wani taro. Ɗaya daga cikin ɗaliban haya ya duba wayarsa, ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, bisa ga abin da ya karanta saura Baba kwanaki kaɗan.

Sai ga Gwaggo, yayar Baba, daga Jushi a bayan acaɓa. Ta shigo tana laluben bango, ta zauna, ta ce kowa ya yi shiru.

"Irin na Babanmu ne. Sun sake jifa."

Duk danginmu mun san labarin. Kakanmu ya makance a ƙauye bayan wata rigima da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, kuma tun daga lokacin ba ma cin abincin mutanen gidan nan, ba ma zuwa bikinsu, ko a coci ba ma zama benci ɗaya. Ni ban taɓa ganin gonar ba, amma na gaji fushin. Gwaggo ta ce ta san wani mutum da ke zuwa ranar kasuwa, da allura ɗaya yake kwantar da abin da ya rufe ido, mutum ya tashi yana gani.

Mama ta yi wa kowa godiya. Ta kwashe albasar ta kai kicin ta ce ta miya ce, ta ajiye man zaitun a kan talabijin, ta ce wa tela ya gaida matarsa. Sannan ta ce in tsayar da keke mai ƙafa uku, asibitin ido za mu. Gwaggo ta ce ba za a tafi a bar ta ba, sai ta ga abin da likita zai iya yi wa jifa.

A bencin jira Baba ya samu maƙwabci, wani mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, ya rufe ido ɗaya da hanki. Baba ya tambaye shi abin da ya kawo shi.

Mutumin ya ce, "Walƙiya na fara gani, Oga, kuma ba hadari. Sai baƙaƙen ƙudaje, ina kora ba sa tafiya. Sai wata safiya kamar an sauke labule daga sama, rabin duniya ya rufe."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Kaya ne suka iso, ba zan bar shago ba."

Baba ya gyara zama. "Kai, ido ake wasa da shi? Shago ya fi ido? Dube ni. Yau da safe abin ya same ni, ga ni a asibiti kafin azahar. Haka mai hankali ke yi."

Nas tana wucewa ta ji maganar labule, ta tsaya ta yi wa mutumin tambaya biyu, ta kama hannunsa ta shigar da shi gaban kowa. Baba ya ce ko a asibiti ma an daina bin layi.

Da aka zo kanmu, nas ta zaunar da shi gaban allon haruffa, ta rufe masa idon hagu. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, yana ɗan ɗaga haɓa. Ta mayar da murfin kan idon dama. Baba ya sake karantawa tun daga sama, tiryan-tiryan, ba kuskure. Ni da Mama muka dubi juna. Gwaggo ta fara godiya ga Allah.

Nas ta ce, "Baba, na juya allon. Waɗannan haruffan na ɗazu ne."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kama yara da satar amsa, yau shi aka kama. Ya ce, ƙasa-ƙasa, ya kamata a riƙa sanar da mutum kafin a canza tambaya.

Likitar mace ce, ba ta kai yayana shekaru ba, kuma ba ta da gaggawa. Ta ɗiga masa wani abu, ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska cikin idon, ta auna. Sannan ta zauna gabansa ta ce ya kalli hancinta da idon dama, ya faɗa in ya ga yatsunta. Ta miƙa hannu can gefe tana motsa yatsu, tana kawo shi a hankali. Ni ina ganin yatsun tun daga wajen kunnensa. Baba bai ce komai ba. Hannun ya yi ta matsowa, ya yi ta matsowa, sai da ya kusa zuwa gaban fuskarsa ya ce, "Ga su." Wannan shi ne idon mai lafiyar.

Ta ce, "Baba, idon hagun nan ba yau ya tafi ba. Ya daɗe yana tafiya. Yau ka dai rufe ɗan'uwansa ka gane."

Ta yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Akwai ruwa a cikin ido, yana shiga yana fita. In hanyar fitar ta cushe sai ya taru ya danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, jijiyar ta yi ta mutuwa kaɗan-kaɗan. Sunansa gulukoma, wasu na ce masa hawan jinin ido. Yawanci ba ya ciwo, ba ya ja. Daga gefe yake fara ci, ya bar tsakiya sai ƙarshe, shi ya sa mutum zai karanta jarida amma bai ga mota a gefensa ba. Ta ce wanda ke zuwa farat ɗaya da gaske daban ne, irin na mutumin da aka shigar ɗazu, ko jijiyar jini ta toshe wa mai ciwon suga ko hawan jini, ko ido ya yi ja da azabar ciwo har da amai. Irin waɗannan ba a kwana da su a gida.

Ta tambaya ko yana sa wani magani. Baba ya ce a'a. Mama ta buɗe jaka ta ajiye kwalbar kemis a kan tebur. Likita ta karanta, ta ce irin wannan in aka daɗe ana ɗigawa ba tare da ana dubawa ba, shi kansa yana iya hawar da matsin ido. Ta jefa shi a kwandon shara a gabansa.

"Akwai wanda ya taɓa makancewa a dangi?"

Nan Gwaggo ta samu filinta. Ta ba da labarin gona tun daga tushe, da bishiyar da ke kan iyaka, da abin da maƙwabcin ya faɗa a gaban mai unguwa. Likita ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ciwon nan yana bin jini, uba na bar wa ɗa, kuma mai yiwuwa shi ne ya kama kakanmu.

Gwaggo ta ce, "Wato mutanen nan ba su yi komai ba?"

"Ban ce ba su yi komai ba, Mama. Na ce idon dai da wuya in su ne."

"To gonar dai sun ci."

Likita tana dariya ta tsaya tana kallon Gwaggo. Ta ce ta matso. Ta haska mata ido, ta ce tun yaushe take gani kamar cikin hayaƙi. Gwaggo ta ce ita lafiyarta ƙalau, rakiya ta zo. Likita ta ce yanar ido ce, ta nuna sosai a ido biyun, kuma wannan ana cirewa da ɗan ƙaramin aiki a sa wani gilashi a ciki. Da aka ambaci mai allurar kasuwa, likita ta daina dariya. Ta ce shi tura yanar yake yi cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya su zo mata da idon da ba ya gyaruwa.

Haka muka je da mara lafiya ɗaya muka dawo da biyu.

An yi wa Gwaggo aiki a ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan. Ranar da aka cire mata bandeji ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe na rame haka ba wanda ya gaya mata. Da ta koma Jushi ta gano cewa zanen da ta fi so, wanda take zuwa coci da shi tana cewa ruwan ƙasa ne, ashe shuɗi ne mai manyan kifaye. Ta gano yanar gizo a kusurwar ɗakinta, ta gano surukarta ba ta iya wanke tukunya ba. 'Ya'yanta sun ce gidan ya fi zaman lafiya kafin aikin.

Baba ya ga haka, ranar komawarsa asibiti ya ce wa likita shi ma a yi masa irin na yayarsa. Ta ce nasa ba irin nata ba ne. Yanar ido labule ce a gaban taga, a cire a ga waje. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Abin da za a yi shi ne a tsare abin da ya rage a idon dama: maganin ɗigawa kullum har ƙarshen rai, da zuwa awo, in magani ya kasa a yi aikin buɗe wa ruwan hanya, shi ma don tsarewa ne ba don dawowa ba. Baba ya tambaya ko da an zo da wuri fa. Ta ce da an zo da wuri da an tsare fiye da haka. Muka fito muka hau keke. A hanya ya riƙe hannun Mama, abin da ban taɓa gani ba a bainar jama'a, ya ce wai saboda ramukan titi.

Sabon maganin bai burge shi ba. Yana da zafi, ba ya sa ido fari, kuma ba ya ƙara gani ko kaɗan. Bayan wata ɗaya ya ce ai ya ji sauƙi, a dakata. Mama ta ce da ma bai taɓa jin ciwo ba balle ya ji sauƙi. Ta karɓe kwalbar ta mayar da ita aikinta, safe da yamma, ta sa ya kwantar da kai a jikin kujera, ta ja fatar idon ta ɗiga, yana mita tana yi kamar ba ta ji.

Likita ta ce duk 'ya'yansa mu je a auna mu. Ni aka ce lafiya, amma in riƙa dawowa. Yayana da ke aikin banki ya ce ba shi da lokaci, kuma shi yana ganin lambar mota daga nesa. Baba ya kira shi a waya ya yi masa faɗan da aka ji har ɗakunan haya, a kan taurin kai da raina shawara, ya ce bai san inda ya gado wannan hali ba. Yayana ya je. Aka samu matsin idonsa ya fara hawa, ba abin da ya lalace tukuna. Yanzu shi ma yana da kwalbarsa.

Baba yana nan. Idon daman ya tsaya inda aka tsayar da shi, yana karanta jaridarsa, yana gyara wa mai labarai na rediyo Hausa. A bara ya fara fita da sanda, doguwa mai lanƙwasasshen kai, yana ɗan taɓa gefen kwata da ita kafin ya taka. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ta karnuka ce, karnukan unguwa sun yi yawa. Kare ɗaya ne a layinmu, na tela, ya tsufa har haƙoransa sun zube, yini yake kwance a inuwar shago. In Baba ya zo wucewa sai ya tsaya ya nuna shi da sandar ya ce, "Kai, na gan ka." Karen ya ɗaga kai, ya dubi wani gefen daban, ya koma barcinsa.